Nazarin Lamari: Yadda Tsarin RARE Ya Karɓe Hoton T2 Na Ƙwaƙwalwa Daga Tsohon Tsarin Amsa-kuwwa Ɗaya

A ƙarshen shekarun 1980, majinyacin da aka tura a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa da injin MRI yakan shafe fiye da minti goma a kwance ba motsi domin hoto iri ɗaya tak, wanda likitoci ke kira hoton T2, kuma shi ne ya fi fito da kumburi da ƙari da tabon cututtukan jijiya. Kafin tsakiyar shekarun 1990 wannan hoton ya koma aikin minti biyu zuwa uku, alhali maganaɗisun injin bai ƙara ƙarfi ba. Abin da ya sauya shi ne jerin bugu, wato tsarin da injin ke bi wajen aika bugun rediyo cikin jiki, da kunna gangaren maganaɗisu (ƙarin filin maganaɗisu da ƙarfinsa ke sauyawa daga wuri zuwa wuri, wanda ke nuna inda sigina ta fito), da sauraron siginar da ke dawowa. Wannan nazari ya duba wannan sauyin shi kaɗai, wato komawa daga tsohon jerin bugu zuwa sabon da ake kira RARE, domin a cikinsa ana iya ganin yadda ya kamata a gwada jerin bugu biyu da juna, da kuma inda gwajin ke yaudarar mai gaggawa.

Tsohon tsarin da matsalarsa

Tushen tsohon tsarin shi ne amsa-kuwwar da Erwin Hahn ya gano a Jami'ar Illinois ta Amurka a shekarar 1950. Ana aika bugun rediyo na digiri 90 ya kwantar da maganaɗisun ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwa da kitsen jiki, sai su fara fitar da sigina, amma nan take siginar ke watsewa saboda filin maganaɗisu bai zama daidai a ko'ina ba. Idan aka biyo da bugu na digiri 180, ƙwayoyin da suka rarrabu sukan sake haɗuwa, siginar ta dawo na ɗan lokaci, ita ce amsa-kuwwar. Tazarar da ke tsakanin bugun farko da amsa-kuwwar ita ake kira TE, tazarar da ake jira kafin a maimaita bugun farko a kan yanki guda (siririn sashe na jiki da ake ɗauka a hoto ɗaya) kuwa ita ce TR.

Hoton MRI ba ya fitowa a bugu ɗaya. Bisa hanyar da William Edelstein da James Hutchison da abokan aikinsu suka kafa a Aberdeen a 1980, kowace amsa-kuwwa tana cike layi ɗaya ne a allon bayanan da masana ke kira allon k, kuma sai layukan sun cika, galibi 256, sannan kwamfuta ta juya su zuwa hoto. Layukan tsakiyar allon su ne ke ɗauke da bambancin haske tsakanin sassan jiki, na gefe kuma su ne ke ɗauke da kaifin gefuna da ƙananan abubuwa. Wannan rabon aiki yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya.

Hoton T2 yana buƙatar dogon TE, kimanin milisakan 90, domin sassan da siginarsu ke saurin mutuwa su yi duhu, masu ruwa su yi haske. Yana kuma buƙatar dogon TR, milisakan 2000 zuwa 3000, domin maganaɗisun ƙwayoyin ya farfaɗo kafin bugu na gaba. Lissafin lokacin a fili yake: TR na milisakan 2500 sau layi 256 ya ba da daƙiƙa 640, wato minti 10 da daƙiƙa 40. Idan aka maimaita ɗaukar sau biyu domin rage hayaniya, wato siginar banza da ke gurɓata hoto, kamar yadda aka saba a injina masu rauni, an haura minti 21. Majinyacin da ke fama da ciwon kai mai tsanani, ko yaro, ko tsoho mai tari, da wuya ya yi wannan zaman ba tare da ya motsa ba, kuma haɗiyar yawu kaɗai na iya ja wa hoton inuwa daga wannan gefe zuwa wancan.

Babban abin takaicin shi ne yadda ake ɓarnar siginar. Bayan bugun farko, siginar ƙwaƙwalwa takan rayu na milisakan ɗari biyu ko fiye kafin ta dushe, ta ruwan ƙwaƙwalwa da laka kuwa takan kai daƙiƙoƙi, amma injin yana sauraro ne na milisakan goma sha wani abu kacal, sannan ya bar sauran ta tafi. Tamkar mai waina ce ta hura wuta har tanda ta yi zafi, ta toya guda ɗaya, sannan ta zauna jiran a kawo mata sabon itace alhali garwashin na nan da ransa.

Abin da Hennig ya kawo

Jürgen Hennig na asibitin Jami'ar Freiburg da ke Jamus, tare da Nauerth da Friedburg, ya wallafa tsarin da ya raɗa wa suna RARE a shekarar 1986. Jera bugu masu digiri 180 da yawa bayan bugun farko ba sabon abu ba ne, domin Carr da Purcell sun yi haka tun 1954, Meiboom da Gill kuma suka gyara hanyar a 1958 yadda ƙananan kura-kuran bugun ba za su riƙa taruwa ba. Sabon abin da Hennig ya yi shi ne ya sa kowace amsa-kuwwa ta cike layinta daban a allon k. Kafin kowace amsa-kuwwa ana kunna gangaren da ke zaɓar layin, bayan an saurare ta kuma a kunna kishiyarsa a warware abin da aka ɗaura, yadda bugu na gaba zai tarar da ƙwayoyin a halin da ya dace. Wannan warwarewar ita ce ta sa tsarin ya tsayu, kuma ita ce injinan wancan lokaci suka sha wuyar yi daidai, saboda ragowar wutar da ke yawo a ƙarfen injin bayan an kashe gangare tana karkata siginar.

Shi ya sa tsarin ya yi shekaru ana amfani da shi a wurare ƙalilan, musamman wajen ɗaukar abubuwan da ke cike da ruwa kamar hanyoyin fitsari da ruwan da ke kewaye da laka. Sai a farkon shekarun 1990, bayan aikin Melki da Mulkern da Jolesz da abokansu a asibitin Brigham da ke Boston, waɗanda suka gwada shi kai tsaye da tsohon tsarin a kan hoton ƙwaƙwalwa, kamfanoni suka ɗauke shi. GE ta sa masa suna FSE, Siemens da Philips suka kira shi TSE.

Ba shi kaɗai ne ke neman wannan gurbin ba. Peter Mansfield na Nottingham ya gabatar da EPI tun 1977, wanda ke iya cike allon k gaba ɗaya bayan bugu guda cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sai dai yana buƙatar gangare mai ƙarfi da saurin da injinan asibiti ba su samu ba sai daga baya, kuma hotonsa yakan lanƙwashe a kusa da kogunan iska na hanci da kunne. A Göttingen kuma Haase da Frahm da Matthaei sun fito da FLASH a 1985, inda ake amfani da ƙaramin bugu da gajeren TR. Dokar da masanin kimiyya Richard Ernst ya kafa ta nuna cewa da TR na milisakan 30, sashen ƙwaƙwalwa mai T1 (ma'aunin lokacin da maganaɗisun ƙwayoyin ke ɗauka ya farfaɗo bayan bugu) kusan milisakan 950 ya fi ba da sigina idan bugun ya kasance kusan digiri 14. FLASH ya yi nasara ƙwarai a hoton T1 da na jijiyoyin jini, amma da yake ba shi da bugun digiri 180, ba ya ba da T2 na ainihi, don haka gasar hoton T2 ta rage tsakanin tsohon tsarin da RARE.

Gwajin kansa

Ma'aunin da masana kimiyyar MRI suka yarda da shi shi ne a raba rinjayen sigina kan hayaniya da saiwar murabba'in lokacin da aka ɓata. Dalilin saiwar shi ne idan aka maimaita ɗauka sau huɗu aka haɗa, sigina takan ninka huɗu, hayaniya kuma ta ninka biyu, don haka ingancin hoton ya ninka biyu kacal. Wannan adadi shi za mu kira ribar lokaci. Sharaɗinsa shi ne a daidaita girman ƙwayar hoto, wato ɗigo mafi ƙanƙanta da hoton ya ƙunsa, da yawan yankan da aka ɗauka, da irin bambancin hasken da ake nema, in ba haka ba an gwada abubuwan da ba jinsi ɗaya ba.

Ga lissafin misali a injin tesla 1.5 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), da adadin da suka yi daidai da abin da ake amfani da shi a farkon shekarun 1990. A sabon tsarin a ɗauki jerin amsa-kuwwa takwas, tazarar milisakan 15 tsakanin kowace biyu, a sa ta shida, wadda ta faɗo a milisakan 90, a tsakiyar allon k domin ta zama ita ce ke yanke hasken hoton. A tsawaita TR zuwa milisakan 4000. Layi 256 a raba takwas ya ba da bugun farko 32, sau daƙiƙa huɗu, jimilla daƙiƙa 128. Tun daga nan an ga cewa jerin takwas bai rage lokaci sau takwas ba, sau biyar ya rage, domin an kashe wani ɓangare na ribar wajen tsawaita TR.

Wannan tsawaitawar ba asara ba ce. Sashen ƙwaƙwalwa mai launin toka yakan farfaɗo da kusan kashi 93 cikin ɗari a TR na 2500, ya kai kusan 98 a TR na 4000, ƙarin da bai taka kara ya karya ba. Ruwan ƙwaƙwalwa kuwa, wanda T1 ɗinsa ke kusa da milisakan 4000, yakan tashi daga kusan kashi 46 zuwa 63, ƙarin da ya haura kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa a hoton FSE ruwan da ke kewaye da laka yake fitowa fari tas, har likita ya ga faifan ƙashin baya da ya turo yana danne jijiya ba tare da an yi wa majinyaci allurar rini a gadon baya ba.

Sai batun sauraro, wanda masu tallan sauri ba su cika ambata ba. Tsohon tsarin ba shi da gaggawa, don haka yana iya sauraron amsa-kuwwarsa ɗaya na milisakan 16, misali. Sabon tsarin dole ya cusa bugun digiri 180 da gangare da sauraro duk cikin milisakan 15, saboda haka sauraron ba zai wuce kimanin milisakan 8 ba. Rabin lokacin sauraro yana rage rinjayen sigina zuwa kashi 71 cikin ɗari. Idan aka ninka 0.71 da saiwar biyar, wato 2.24, za a sami kusan 1.6. Ribar lokacin sabon tsarin ke nan a wannan misali: ya fi tsohon da kashi 60 cikin ɗari. Riba ce babba, ta gaske, wadda ta isa ta sauya aikin asibiti, amma nesa take da ninki takwas da mai duba tsawon jerin kawai zai yi zato.

Akwai kuma yawan yanka. Injin ba ya zaman banza a lokacin TR, yakan zagaya sauran yankan ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya kafin ya dawo kan na farko. A tsohon tsarin kowane yanka yana cin kusan milisakan 110, don haka yanka 22 ke shiga cikin TR na 2500, abin da ya isa ya rufe kai daga ƙasa zuwa sama. Jerin takwas yana cin kusan 140, yanka 28 ke shiga cikin 4000, babu matsala. Amma idan aka yi kwaɗayi aka kai jerin goma sha shida, lissafin takarda zai ce daƙiƙa 64, alhali kowane yanka yanzu yana cin kusan milisakan 260, kuma 15 kawai za su shiga. Domin a sami yanka 22 sai an kai TR kusan 5700, lokacin ya koma daƙiƙa 91. A ganina wannan shi ne wurin da aka fi yin kuskure a irin wannan gwaji, domin mutum yakan ɗauki lokacin yanka ɗaya ya yi hukunci a kan aikin da ke buƙatar kai gaba ɗaya.

Adalci kuma ya buƙaci a tuna cewa tsohon tsarin yakan ba da hoto biyu a zama ɗaya, domin ana sauraron amsa-kuwwa ta farko a kusan milisakan 20 zuwa 30 a sami hoton yawan haidurojin, ta biyu kuma a sami hoton T2, ba tare da ƙarin lokaci ba. Idan likita yana son duka biyun daga sabon tsarin, sai a raba jerin gida biyu, rabi ga kowane hoto, saurin kuma ya ragu da rabi.

Abin da ma'aunin bai gani ba

Ko da an yi duk wannan lissafin daidai, hotunan biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne likitocin hoto suka fi yin gardama. Abu na farko da ido ya gani shi ne kitse. A tsohon hoton T2 kitse yakan yi duhu-duhu, a sabon kuwa sai ya fito da haske. Mark Henkelman da abokan aikinsa a Toronto sun bayyana dalilin a 1992: ƙwayoyin haidurojin da ke maƙwabtaka a cikin sarƙar kitse suna taɓa juna ta hanyar da ke rage siginarsu, bugun digiri 180 da ke zuwa a kai a kai kuma yana katse wannan taɓawar. A ƙwaƙwalwa wannan bai dami kowa sosai ba, amma a ɓargon ƙashin baya ƙari mai haske na iya ɓoyewa cikin kitse mai haske, dole aka koma ƙara bugun da ke danne kitse, wanda shi ma yana cin lokaci.

Na biyu shi ne dushewar ƙananan abubuwa. Da yake layukan allon k ana cike su a lokuta daban-daban yayin da sigina ke mutuwa, idan aka sa amsa-kuwwoyin farko a tsakiya domin a sami gajeren TE, na ƙarshe masu rauni ne ke faɗawa gefe, inda kaifin hoto yake. Abin da siginarsa ke saurin mutuwa shi ya fi shan wahala. Masu duba gwiwa sun daɗe suna muhawara a shekarun 1990 kan ko FSE yana ɓoye siririyar tsagewar guringuntsi, kuma matsalar ba ta lafa ba sai da aka gajarta jerin zuwa huɗu ko biyar, aka kuma matse tazarar da ke tsakanin amsa-kuwwoyi.

Na uku ya fi haɗari ga majinyacin ƙwaƙwalwa. Tsohon jini da ya zuba yakan bar sinadarin ƙarfe a wurin, wanda ke hargitsa filin maganaɗisu a kewayensa. A tsohon tsarin ƙwayoyin ruwa suna da lokaci mai tsawo na yawo cikin wannan hargitsi kafin bugun digiri 180 ya zo, don haka wurin yakan yi baƙi. A sabon tsarin bugun yana zuwa kowane milisakan 15 ya gyara ɓarnar tun ba ta yi nisa ba, sai ɗigon jinin ya yi wuyar gani. Wannan halin alheri ne ga mai ƙarfe a haƙori ko a ƙashi, domin hotonsa yakan fi tsabta, amma ga wanda ake zargin yana da ƙananan zubar jini hasara ce da babu lissafin sigina da zai nuna ta. Asibitoci sun magance wannan ta ƙara wani hoto dabam na dangin FLASH mai dogon TE, wanda ke zuzuta baƙin ƙarfen jini. Ya kamata a saka mintunan wannan ƙarin hoton cikin kuɗin da aka biya domin saurin FSE, ko da yake ba kasafai ake sakawa ba.

Haka kuma yawan bugun da ake aika wa yankan da ke maƙwabtaka yana rage siginar naman ƙwaƙwalwa kansa ta hanyar musayar maganaɗisu tsakanin ruwa da manyan ƙwayoyin furotin, ba ya kuma taɓa ruwa tsantsa. Sakamakon shi ne ƙwaƙwalwa ta ɗan ƙara duhu, ruwa ya ƙara fitowa, adadin 1.6 ɗin nan kuma ya ɗan sauka idan naman ƙwaƙwalwa ake aunawa.

Zafi

Iyaka ta ƙarshe jikin majinyaci ne ya kafa ta. Bugun rediyo yana zuba zafi a jiki, kuma zafin yana tafiya da murabba'in girman bugun, saboda haka bugun digiri 180 yana zuba ninki huɗu na abin da bugun digiri 90 mai tsawo iri ɗaya ke zubawa. Idan aka ɗauki bugun 90 a matsayin awo ɗaya, tsohon tsarin mai amsa-kuwwa ɗaya yana zuba awo 5 a kowane yanka, jerin takwas kuwa awo 33, cikin lokacin da bai fi na farkon da yawa ba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kayyade wat 2 ga kowane kilo na jiki gaba ɗaya a aikin yau da kullum, wat 4 idan akwai sa idon likita, da wat 3.2 ga kai. A tesla 1.5 akan tsaya cikin iyaka ba wuya. Da injinan tesla 3 suka shigo asibitoci a farkon shekarun 2000, zafin ya ninka kusan huɗu, sai injin ya riƙa tilasta wa ma'aikaci ya tsawaita TR ko ya rage yanka, ribar da aka samu ta fara zubewa.

Maganin ya fito daga Freiburg ɗin dai. Tun 1988 Hennig ya nuna cewa jerin yana ci gaba da ba da amsa-kuwwa ko da bugun bai kai digiri 180 ba, kuma saukar da shi zuwa 120 yana rage zafin kowane bugu zuwa kashi 44 cikin ɗari alhali siginar da ake rasawa kaɗan ce. A kan wannan tushe, da aikin John Mugler na Jami'ar Virginia, aka gina tsare-tsaren da ke sauya girman bugu a tsawon jerin, irin su SPACE da CUBE da VISTA, inda jeri ɗaya ke kai amsa-kuwwa ɗari ko fiye, a ɗauki kai gaba ɗaya da ƙwayar hoto ta kusan milimita ɗaya ta kowace fuska. A injina masu ƙaramin ƙarfi na tesla 0.2 zuwa 0.35, irin waɗanda asibitoci da dama a Afirka ta Yamma ke aiki da su, lamarin a juye yake: zafi ba ya hana komai, sigina ce ke ƙaranci, don haka mafi alheri a can shi ne a mayar da mintunan da FSE ya tsimi cikin maimaita ɗauka, a bar majinyaci minti biyar ko shida a sami hoton da likita zai iya karantawa.

Hanyoyin da suka zo daga baya sun ƙara fito da bambancin da ke tsakanin sauri da ribar lokaci. SENSE, wanda Klaas Pruessmann da abokansa suka wallafa daga Zurich a 1999, da GRAPPA na Mark Griswold daga Würzburg a 2002, suna tsallake wasu layukan allon k, su cike gurbin da bayanan na'urorin sauraro da yawa da aka jera kewaye da kai. Tsallake rabin layuka yana rage lokaci da rabi, amma rinjayen sigina yana sauka zuwa kashi 71 cikin ɗari ko ƙasa da haka, gwargwadon yadda na'urorin ke iya bambance wuri da wuri, don haka ribar lokaci ba ta ƙaru ba, ta ma ɗan ragu. Amfaninsu ga FSE ya zo ta wata ƙofa: da layukan da ake buƙata suka ragu, ana iya gajarta jerin, dushewar gefuna ta ragu, bugun rediyon da ke zuba zafi a jiki shi ma ya ragu.